Ɓeran da Ba Ya Shiga Rumbu

Wani dare a majalisarmu, bayan sallar isha'i, ɗaya daga cikin abokan zamanmu ya karanto mana wani labari daga wayarsa, wai a ƙasar Ostireliya an yi kiwon ɓeraye a gidan zu, sannan a shekarar 2024 aka ɗauki guda 28 aka kai wani babban lambun tsirrai da ke Cranbourne, kudu maso gabashin birnin Melbon, aka sake su a daji. Majalisa ta kece da dariya. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce, "Ƙoshi ne ya yi musu yawa. Su zo gidana in ba su nawa kyauta." Sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai da kake bin irin waɗannan labarai, ɓera fa?"

Na ce masa, "Baba, a ba ni lokaci," domin ba a jayayya da babba a gaban jama'a, kuma amsar ba ta gajeren zama ba ce. Amma tambayar ta bi ni har gida, kuma dariyar ta dame ni fiye da yadda na zata.

Ra'ayina shi ne mutanen Ostireliya sun yi daidai da suka tashi tsaye don ceton wannan ɗan ɓera mai suna pookila, kuma da za a zarge su da wani laifi, to laifin jinkiri ne. Abin da ya sa muka yi dariya a daren shi ne kalmar ɓera, wadda a kunnenmu take nufin ɓarna da sata da cuta. Mun yanke wa wannan halitta hukunci da sunan wani, ba tare da mun san inda take kwana, ko abin da take ci, ko wanda ya raba ta da mazauninta ba.

Wane ne pookila?

Sunansa na yanzu pookila, kuma an samo shi ne daga harshen Ngarigo, ɗaya daga cikin harsunan 'yan asalin Ostireliya. Turawa sun daɗe suna kiransa ɓeran New Holland, wato tsohon sunan da 'yan ƙasar Holan suka raɗa wa nahiyar. A littattafan kimiyya kuwa Pseudomys novaehollandiae ake rubutawa, kuma kalmar farko ta sunan ma'anarta "ɓeran ƙarya", wato abin da ya yi kama da ɓera a ido amma idan aka duba da kyau sai a ga wani abu ne daban.

Nauyinsa kimanin giram 20 ne, wani ya gaza haka, wani ya ɗan haura, kamar dai a ɗora dunƙulen magi biyar a tafin hannu. Bayansa ruwan toka ne da ya sirka da ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari, idanunsa da kunnuwansa sun fi na ɓeran gida girma, jelarsa kuma ta fi jikinsa tsawo, samanta duhu ƙasanta haske. Ba ya da warin nan da duk wanda ya taɓa buɗe tsohon akwati ya sani. Masu bincike kan tabbatar da bambancin ta hanyar duba haƙoran gaba na sama, domin na ɓeran gida suna da 'yar giɓa ta ciki wadda na pookila ba su da ita.

Mazauninsa gabas da kudu maso gabashin ƙasar ne, daga kudancin Queensland, ya bi ta New South Wales da Biktoriya, har tsibirin Tasmaniya, kuma galibi kusa da gaɓar teku, inda ƙasa take da rairayi mai sauƙin haƙa kuma gajerun tsirrai iri-iri suka rufe ta. Yana haƙa rami mai zurfi ya wuni a ciki tare da 'yan'uwansa, sai dare ya yi ya fito kiwo. Babban abincinsa 'ya'yan tsirrai ne, musamman na dangin wake da ke tsirowa a daji, yana kuma haɗawa da ganye da ƙwari da naman kaza gwargwadon abin da lokaci ya kawo. Macen tana ɗaukar ciki wata ɗaya da 'yan kwanaki, ta haifi ɗa ɗaya zuwa shida, kuma wanda ya yi tsawon rai a cikinsu shi ne ya ga shekara biyu.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da Ostireliya. Idan aka ambace ta, kangaru da kowala ne ke zuwa a rai, wato dabbobin da ke renon 'ya'yansu a jakar ciki. Amma ƙasar tana da ire-iren ɓeraye na asali fiye da sittin, waɗanda masana suka ce kakanninsu sun ƙetaro daga ɓangaren Asiya ta tsibirai kimanin shekaru miliyan biyar da suka wuce. Pookila yana cikin wannan zuri'a. Ya riga kowane ɗan Adam zama a can, ya riga tumaki da alkama, ya kuma riga ɓeran gida da nisan da ba a kwatantawa.

"Ai ɓera ɓera ne"

Wannan ita ce hujjar farko, kuma ita ce mafi ƙarfi a zukatanmu, don haka ba zan raina ta ba. Wanda ɓera ya taɓa huda masa buhun masara, ko ya cinye masa takardun makaranta, ko ya yanke masa wayar wuta, yana da dalilin ƙin sa. A ƙasarmu abin ya wuce asarar dukiya, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutarsa, kuma kowace shekara yana cin rayuka. Ba zan taɓa cewa mai ɗana tarko a ɗakin ajiyarsa ya yi laifi ba.

Su ma manoman Ostireliya sun san wannan ciwo. A 2021 annobar ɓeraye ta mamaye yankunan noma na New South Wales, suka cinye hatsi da harawa, suka shiga gidaje da asibitoci, har sai da aka kwashe fursunoni daga gidan yarin garin Wellington saboda ɓarnar da suka yi wa ginin da wayoyinsa. Wanda ya ga hotunan wancan lokaci zai iya cewa ƙasar da ta sha irin wannan azaba ba ta da hujjar kiwon ɓera.

To amma wane ɓera ne ya yi wannan ɓarna? Ɓeran gida ne, wanda ya shigo ƙasar cikin jiragen ruwan Turawa tun daga zuwansu a 1788. Baƙo ne da ya bi hatsi ya zo. Macensa tana da kan nono goma, cikinta na kwana 19 zuwa 21 ne, kuma 'yarta tana isa haihuwa cikin kimanin mako shida, shi ya sa damina ɗaya mai albarka ta ishe su cika ƙasa. Macen pookila kan nono huɗu gare ta, cikinta ya fi daɗewa, kuma haihuwarta tana da lokaci a shekara. Halittar jikinta ma ba ta shirya ta don irin waccan mamaya ba. Ba ta zama a gidajen mutane, kuma rayuwarta ba ta rataya a kan abin da manomi ya tara ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Binciken da masanin dabbobi Barry Fox ya yi shekara da shekaru a yankin Myall Lakes, arewa da Sidni, ya nuna cewa bayan gobara ko haƙar yashi ɓeran gida ne ke fara isowa filin, amma da zarar tsirrai sun ɗan farfaɗo pookila yakan shigo ya yi rinjaye, ɓeran gida ya ja da baya. Ashe wanda muke yi wa dariya kishiya ne ga wanda muke ƙi.

Mu da kanmu, idan muka natsu, ba mu taɓa haɗa su duka a kwando ɗaya ba. Bahaushe ya raba ɓera da gafiya, ya raba gafiya da kurege, ya kuma san jaba daban take ko da yaro zai ce mata ɓera. Cutar Lassa ma ba kowane ɓera ne ke yaɗa ta ba, babban mai ɗauke da ita shi ne wani ɓera mai yawan nonuwa da ke zama kusa da gidaje da gonaki. Dangin gafiyar da ake farauta a ƙauyukanmu ne wata ƙungiya mai suna APOPO take horarwa a Tanzaniya, sun sansano nakiyoyin da aka binne a Mozambik, suna yin wannan aiki a Kambodiya, suna kuma gano tarin fuka a majinar marasa lafiya. Idan muna iya wannan rarrabewa a gida, babu dalilin da zai sa mu ƙi yi wa na wata ƙasa ita.

Wani zai kawo hujjar addini, ya ce ɓera yana cikin dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko da mutum yana cikin harami. Haka ne, kuma hadisi ya yi umarni a kashe fitila kafin a kwanta domin ɓera yakan ja lagwani ya ƙona gida da mutanensa. Dalilin a fili yake, cutarwa ce. Halatta wa mutum ya kare kansa daga mai cutar da shi abu ne guda, share wani jinsi gaba ɗaya daga bayan ƙasa kuma abu ne daban. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta gaya mana cewa duk dabbar da ke tafiya a ƙasa da duk tsuntsun da ke tashi da fikafikansa al'ummai ne kamar mu. Mun kuma san labarin annabin da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa aka ƙona gidansu duka, aka yi masa wahayi ana tuhumarsa da halaka al'umma mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Ni a wurina wannan labari ya fi kowace hujja dacewa da maganar pookila.

Masanan Ostireliya sun gane nauyin suna tun da daɗewa. A 1995 wata hukumar gwamnatin tarayya ta fitar da jerin sunayen gargajiya da ta ba da shawarar a riƙa kiran ɓerayen ƙasar da su, kuma daga nan ne sunan pookila ya fito. Babban ɓeran ruwa na ƙasar, wanda aka taɓa farauta saboda fatarsa, ya zama rakali, kuma yau mutane da yawa a can suna ambatonsa da sha'awa.

Me ya raba shi da gidansa?

A jihar Biktoriya an san wurare 12 da pookila yake zaune, yanzu ya ɓace daga bakwai. A Cranbourne, inda aka mayar da shi, rabon da a gan shi tun 1976. A garin Anglesea da ke bakin teku, inda aka yi shekaru ana nazarinsa bayan babbar gobarar 1983, ba a ƙara kama shi ba tun farkon shekarun 2000. Abin da ya rage yana yankin Gippsland da Wilsons Promontory, wani yankin ƙasa da ya kutsa cikin teku. A 2010 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana.

Dalili na farko mai sauƙin fahimta ne. Ƙasar da yake so, wato rairayin bakin teku, ita ce mutane ma suke so don gina gidaje da wuraren shaƙatawa. Inda ba a share dajin duka ba an yanyanka shi da tituna da gonaki, kowane yanki ya zama tsibiri, kuma dabbar da ba ta fi babban yatsa ba ba za ta iya ƙetare kilomitoci na fili don neman 'yan'uwanta ba.

Na biyu shi ne mafarautan da aka shigo da su. An saki yanyawar Turai a Biktoriya cikin shekarun 1870 don kawai masu kuɗi su sami abin kora a kan dawakai. Kyanwowin da suka zo da Turawa suka gudu daji suka zama muzurai, kuma a yau kusan babu lungun nahiyar da babu su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kyanwowi suna kashe dabbobi masu shayarwa fiye da biliyan ɗaya a shekara a ƙasar. Pookila ya saba da mujiya da maciji, yana da dabarar kauce musu, amma kyanwa da yanyawa baƙi ne da ya wayi gari ya tarar a bakin raminsa.

Na uku, wanda ya fi ɗaukar hankalina, shi ne wuta. Mu da muke ganin ana cinna wa daji wuta da rani mun saba ɗaukar gobara a matsayin asara kawai. Ga pookila lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. A wurare da yawa an lura cewa yawansa yana ƙaruwa ne 'yan shekaru bayan wuta ta wuce, lokacin da tsirrai dangin wake suka tsiro suka zubar da 'ya'ya da yawa kuma ƙasa ba ta riga ta cushe ba. Idan daji ya daɗe bai ga wuta ba, manyan tsirrai sukan rufe ko'ina, abincinsa ya ƙare, ya tashi. Idan kuma wutar ta yi yawa, ko ta zo babba ta cinye komai lokaci guda, sai ya fito daga rami ya tarar da fili fetal, babu abinci, babu wurin fakewa daga kyanwa da yanyawa, waɗanda sukan yi dafifi a wurin da ya ƙone.

Abin da yake bukata shi ne daji mai kama da zanen da aka yi wa faci, nan ya ƙone bara, can shekara uku da suka wuce, gaba kuma ya daɗe bai ƙone ba, ta yadda idan wani yanki ya tsufa zai matsa zuwa na kusa. 'Yan asalin ƙasar sun yi dubban shekaru suna ƙona daji kaɗan-kaɗan, a lokacin da suka zaɓa, da wuta marar zafi. Da aka kore su daga ƙasarsu wannan ilimi ya yanke a wurare da yawa, kuma abin da ya maye gurbinsa shi ne dogon lokaci babu wuta sannan gobara mai cin komai, irin wadda duniya ta gani a ƙarshen 2019 da farkon 2020. Ina ganin ba za a iya ba da labarin wannan ɓera da gaskiya ba sai an ambaci zaluncin da aka yi wa mutanen da suka raɗa masa suna.

Wuta ba ita kaɗai ba ce. Dogon farin da ya kama kudu maso gabashin ƙasar daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2009 ya rage 'ya'yan tsirrai, kuma a cikinsa ne na Anglesea suka ɓace. Ga kuma wata cutar saiwa mai suna Phytophthora, baƙuwa ita ma, wadda ke bin ƙasa da ruwa da tayoyin mota da takalman mutane tana kashe tsirran da yake fakewa a ƙarƙashinsu.

A duk wannan jeri babu inda pookila ya jawo wa kansa. Muna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wato a raba laifi tsakanin ɓangarori biyu. A nan babu abin da za a raba.

"Wanda ya ɓace shekara ɗari ya dawo, zai kula da kansa"

Wannan hujja tana da tushe a tarihi. George Waterhouse ne ya fara bayyana pookila ga masana a 1843, daga nan kuma aka yi fiye da shekara ɗari ba a jin ɗuriyarsa, har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1967 aka gan shi da rai a gandun dajin Ku-ring-gai Chase, dab da Sidni. A Biktoriya ma sai a 1970 aka fara kama shi. Mai wannan hujja zai ce ƙananan dabbobi sun iya ɓuya, kuma masana sukan yi gaggawar yin kuka.

Akwai ma wani labari da ya fi wannan daɗi. Ɓeran Gould, ɗan'uwan pookila, an yi fiye da ƙarni guda ana lissafa shi cikin waɗanda suka ƙare, sai a 2021 wani bincike da Emily Roycroft ta jagoranta, wanda ya gwada ƙwayoyin gadon tsofaffin fatun da ke ajiye a gidajen tarihi, ya gano cewa shi ne dai ɓeran da ke raye a wani tsibiri na Shark Bay a yammacin ƙasar, wanda ake kira djoongari.

Amma a duba abin da labarin ya ƙunsa. Dabbar da a da ta bazu daga gabashin nahiyar zuwa yammacinta ta tsira ne a tsibiri guda, domin kyanwa da yanyawa ba su kafu a can ba. Binciken ya kuma nuna cewa ɓerayen da suka ƙare suna da yawa da lafiyar zuri'a har dab da ƙarewarsu, wato ba a hankali suka lalace ba, faɗuwar ta zo musu ne farat ɗaya bayan zuwan Turawa. Ostireliya ta rasa ire-iren dabbobi masu shayarwa fiye da 30 tun 1788, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗannan ɓeraye ne. Yawan da ake gani yau ba lamuni ba ne na gobe.

Ɓeran tsibirin Bramble Cay shi ne misalin da ya kamata mai cewa a jira ya riƙe. Ɗan tsibiri ne a mashigin Torres, bai fi 'yan kadada ba, kuma ruwan teku ya riƙa hawa kansa yana kashe ciyawar da ɓeran ke ci. An san yana cikin haɗari, har an rubuta tsarin ceto a 2008. Ganinsa na ƙarshe a 2009 ne. Da masu bincike suka koma da tarkuna a 2014 ba su sami ko ɗaya ba, kuma a 2019 gwamnatin tarayya ta sanar a hukumance cewa ya ƙare. Da kowala ne, da wuya a bar takarda ta kwana a ofis haka.

"Mene ne amfaninsa, kuma me ya sa ba za a kashe kuɗin a kan mutane ba?"

Yana da aikin da yake yi. Yana jujjuya ƙasa da haƙarsa, yana ɗaukar 'ya'yan tsirrai da irin naman kaza daga wuri zuwa wuri, shi kansa kuma abinci ne ga mujiya da sauran mafarautan asali. Ɓacewarsa daga wani daji alama ce cewa wuta ko ruwa ko tsirran wurin sun sauya, kamar yadda manomi yake gane ƙasa ta gaji idan ya ga wuta-wuta ta cika gonar dawa.

Duk da haka ba na so in jingina maganata a kan amfani, domin idan muka ce sai abin da ke kawo riba ne ya cancanci rayuwa, ranar da aka kasa lissafa ribarsa shi ke nan an ba da izinin halaka shi. Hujjata ta fi wannan sauƙi. Wanda ya saki dabbobinsa suka cinye gonar maƙwabci shi ke biya, ko da gonar 'yar ƙarama ce, ko da mai ita ba kowa ba ne. Al'ummar da ta shigo da kyanwa da yanyawa da ɓeran gida, ta share dajin, ta kuma kori masu ilimin wutarsa, bashi ne a kanta.

Batun kuɗi kuwa, na fahimci inda yake fitowa. Mutumin da ke fama da tsadar abinci da kuɗin asibiti dole ya ji wani iri idan aka ce masa ana auna nauyin ɓera a wani wuri. Amma kuɗin na Ostireliya ne, ƙasa mai arziki, kuma ana kashe su ne a kan ɓarnar da aka yi a cikinta. Da an soke shirin gobe, ko kwabo ba zai iso asibitin garinmu ba. Aikin da ake yi dominsa kuma, wato rage kyanwowi da yanyawa, da tsara ƙona daji, da hana yaɗuwar cutar saiwa, yana amfanar duk abin da ke zaune a dajin tare da shi, har da mutanen da gidajensu ke bakin daji suna fargabar gobara duk shekara.

Inda nake da ja da masu ceton

Goyon bayan da nake ba su ba ya hana ni faɗin abin da ke damuna. Shirin kiwon da gidan zu na Melbon da wani gandun namun daji mai suna Moonlit Sanctuary suka fara a 2022 yana da dalili mai kyau. Ragowar garken Biktoriya sun rabu da juna, kowanne yana barbara a cikin danginsa, kuma irin wannan auren zumunci idan ya daɗe yana raunana zuri'a. Haɗa na wannan daji da na wancan yana sabunta jini. Lambun Cranbourne kuma yana da shingen da ke tare mafarauta, don haka wuri ne da ya dace a fara.

Tsorona shi ne kiwo da saki suna da kyawun hoto, alhali ainihin aikin ba shi da shi. Buɗe akwati ɗan ɓera ya fito abu ne na minti ɗaya da kowace jarida za ta buga. Bin yanyawa da tarko shekara bayan shekara, da wanke takalma da tayoyi kafin shiga daji, da hana mai kuɗi gina gidaje a kan rairayin bakin teku, da gaya wa mai kyanwa ya tsare ta a gida, waɗannan ba su da farin jini, wasunsu ma suna jawo wa ɗan siyasa baƙin jini. Gwamnati tana iya riƙe na farko ta yi sakaci da na biyu, ta kuma ce ta yi aiki.

Shinge ma yana da iyaka. Gwamnatin Biktoriya ta sanar da shirin gina mai tsawon kimanin kilomita 10 a siririn wuyan ƙasa na Yanakie, don raba Wilsons Promontory da mafarautan da ke shigowa daga sauran ƙasar, kuma ina ganin shiri ne mai kyau. Amma a wannan wuyan ƙasa, inda pookila yake, wata bishiyar bakin teku ta daɗe tana mamaye filayen ciyawa tun da tsarin wutar wurin ya sauya, kuma shinge ba ya hana bishiya yaɗuwa. Sai an koma ga wuta, a kuma zauna da 'yan asalin yankin a ba su hannu a cikin aikin, ba a gayyace su ranar biki kawai ba.

Don haka idan na koma majalisa zan gaya wa Baba cewa adadin 28 ba shi ne abin dubawa ba. Abin da zan sa ido a kai shi ne ko nan da wasu shekaru, bayan fari ya zo ya wuce, masu bincike za su ɗana tarkunansu a rairayin Cranbourne su kama jikokin waɗanda aka saki, haifaffun rami waɗanda ba su taɓa ganin gidan zu ba, da kuma ko wurare biyar ɗin da suka rage a Biktoriya za su kai wannan lokaci suna nan biyar.